Shuɗiyar Fitila a Falon Alhaji Bunyaminu

Rana ta yi ja a bayan giginyu lokacin da Zulkiflu ya shigo Bagudo a kan babur, jakar kayan aiki rataye a kafaɗa. Tun azahar ya kamata ya iso, amma taya ta yi faci a hanyar Bahindi, ya yi ta turin babur cikin zafin bazara har rigarsa ta manne da baya. Mai gyaran wuta ne da sola, mutanen gari suna ce masa Injiniya, shi kuma sunan yana masa daɗi fiye da kima. Kullum testa, ɗan sukudireban gwada wuta, na maƙale a bayan kunnensa. Hannunsa na da kyau, wannan ba musu. Aibinsa ɗaya: ko duniya za ta tashi, ba ya barin aiki bai gwada shi ba.

Hajiya Shafa'atu ce ta aika masa, matar marigayi Alhaji Bunyaminu. Alhaji ɗan kasuwa ne mai ƙetara iyaka zuwa Benin, kuma daga Kwatano ya taɓa dawowa da abin da Bagudo ba ta taɓa gani ba: ƙaton akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da ƙananan kifaye masu launi, da duwatsun da aka ciro daga ƙasan teku, murjani mai rai yana toho a jikinsu. Bara aka tsinci gawarsa a gaban akwatin, kan busasshiyar darduma, amma rigarsa sharkaf, bakinsa cike da ruwan gishiri. Kowa ya san labarin. Zulkiflu yakan ce hawan jini ne, ya yi dariya.

Ta tarye shi a zaure, carbi a hannu, fuska ba walwala.

"Injiniya, yanzu ne azahar ɗinka?"

"Hajiya, a yi mani aikin gafara, taya ta..."

"Shigo. Rana ba ta jiranmu."

Falon yana warin gishiri da ɗan ƙarni-ƙarni. Injin da ke juya ruwa yana ta gunaguni a ƙasa. Doguwar fitila ce rataye a saman akwatin, tana zuba zafi kamar murhu. Zulkiflu ya taɓa gilashin ya ji shi da ɗumi. Rabin murjanin ya koɗe, ya yi fari fat kamar ƙashi.

Hajiya ta miƙo masa kwali. Ɗanta ne ya aiko daga Kwatano: ƙananan fankoki biyu da za a ɗaura a jikin fitilar su riƙa hura saman ruwan, da wani siririn layi na shuɗayen ƙwayaye, fitilar dare, mai ɗan ido da ke kunna ta da kanta in duhu ya yi, irin na fitilar sola ta bakin titi.

"Fankokin kaɗai za ka sa," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Wanga shuɗin abu, kak ka taɓa shi."

"Hajiya, ai shi ne kwalliyar. Kamar farin wata a cikin ruwa."

"Alhaji ma haka ya ce, daren da ya haska tocila a ciki." Ta nuna wani farin mayafi a ninke kan kujera. "Kafin a kira magariba nike rufe shi da bisimillah, yadda ake rufe randa. Tun da ya rasu ban taɓa fashi ba."

Zulkiflu ya danne murmushi. "To in abin na ba ki tsoro, mi zai hana a zubar da ruwan a huta?"

Ta nuna akwatin da carbinta.

"Duwatsun ga gidan wani ne. Da shi aka ɗauko su. In zafi ya kashe mashi gida, wani ruwa zai nema, kuma akwai rijiya a tsakar gidan ga, akwai randa a ɗakin jikokina. Ka sanyaya mashi ruwa shi zamna inda yake. Shi ke nan roƙona."

Ya ce to. A ransa kuwa ya ce tsufa ne da kaɗaici.

Ya hau aiki. Ya kwance murfin fitilar, ya huda wuri biyu, ya ɗaura fankokin suna kallon ruwa, ya ja waya zuwa batirin sola. Ya kunna. Suka ɗauki juyi, fuskar ruwan ta shiga rawa a hankali, iska mai sanyi ta taso. Aiki ya yi kyau, har ya gyaɗa wa kansa kai.

Sai idonsa ya faɗa kan shuɗayen ƙwayayen a cikin kwali. Waya biyu ce kawai. Aikin minti biyar. Ya ji a ce Injiniya ya bar kwali da saura, ai abin kunya ne. Zai haɗa, ya gani da idonsa sau ɗaya, ya cire, ba wanda zai sani.

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa. Hajiya ta leƙo, hannayenta jiƙe da ruwan alwala.

"Ka gama?"

"Saura in ɗaure noti guda."

"Rufe shi yanzu. Ga mayafi nan. Ka yi bisimillah."

"Yanzun nan, Hajiya."

Ta tafi. Ya ji ta tayar da salla a ɗakin da ke kusa. Bai taɓa mayafin ba. Ya manna layin ƙwayayen a ƙarƙashin fitilar, ya murɗa wayoyin, ya naɗe da salatif. Sannan ya kashe babbar fitila, don ɗan idon nan sai ya ga duhu yake aiki.

Falon ya dushe. Hasken taga na janyewa kaɗan-kaɗan.

Ya sunkuya ya duba haɗin. Testar da ke bayan kunnensa ta zame. Tsulum. Ta nutse tana juyawa, ta kwanta tsakanin duwatsu biyu.

Ya yi tsaki, ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu har gwiwar hannu. Ruwan da ɗazu yake da ɗumi yanzu ya yi sanyi ƙalau. Fanka biyu ba sa yin haka a minti goma. Ya sani sarai.

A daidai nan shuɗiyar fitilar ta kama da kanta.

Akwatin ya cika da haske irin na farin wata. Kifayen duk sun taru a kusurwa ɗaya, sun daina motsi. Injin ƙasa ya yi shiru. Fankokin na juyawa, amma ƙararsu ta sauya. Tana shiga, tana fita. Kamar numfashin mai barci.

Warin teku ya cika ɗakin, teku da Zulkiflu bai taɓa gani ba.

Ya duba ƙasa. Akwatin bai fi kamu biyu zurfi ba, amma ya nemi gindinsa ya rasa. Duwatsun sun yi nisa, can ƙasa, kamar ana leƙa rijiya. A kan ɗayansu wani mutum na zaune cikin babbar riga, hula a kai, ya ɗago fuska. Zulkiflu ya san fuskar. Alhaji ne, wanda shi da kansa ya haɗa wa sola shekara uku da suka wuce.

Leɓunan Alhaji suka motsa. Ba sauti. Kai kawai yake girgizawa.

Zulkiflu ya ja hannu. Hannu ya ƙi fitowa.

A saman ruwan ga inuwar fuskarsa tana kallonsa. Ya buɗe baki zai yi ihu. Ita ba ta buɗe nata ba. Ta yi murmushi, ta fara nutsewa a hankali, tana yin ƙasa.

Yatsu suka zagaye wuyan hannunsa. Dogaye. Masu kaushi kamar dutse.

"Haj..." Ruwan gishiri ya taso masa daga maƙogwaro, ya fito ta hanci. Kafaɗarsa ta shiga ruwa. Haɓarsa ta taɓa.

Tsoro irin wanda bai taɓa sani ba ya kama shi. Ya tuna busasshiyar darduma.

Da hannun hagu ya lalubi sama. Gilashi. Ƙarfe. Fanka ta yanke masa yatsa. Salatif. Ya damƙi wayar da ya murɗa da kansa, ya fizga da duk ƙarfin da ya rage masa.

Duhu.

Yatsun ba su saki ba.

Sai ya ji takun ƙafa da gudu, da muryar Hajiya: "Bismillahi! Bismillahi!" Mayafi ya faɗo ya rufe akwatin, da kan Zulkiflu, da kafaɗarsa gaba ɗaya.

Aka sake shi. Ya faɗi da baya, yana aman ruwa a kan darduma. Injin ƙasa ya ci gaba da gunaguninsa kamar ba a yi komai ba.

Hajiya ba ta yi masa faɗa ba. Ta tsaya a kansa tana haki, ta ce, "Salla na yanke saboda kai, Injiniya. Tashi ka tafi gida."

Fankokin na nan suna aiki har yau. Murjanin ya dawo da launinsa, rijiyar gidan kuma lafiya lau. Zulkiflu ne ya sauya. Ba ya karɓar aiki bayan la'asar, kuma kafin magariba da kansa yake zagaya gida yana rufe randa da bokiti, har butar alwala. A madubi yana ganin fuskarsa daram. Amma in ya sunkuya kan kwanon ruwa ko bakin kogi, sama kawai yake gani.

Ranar wata kasuwa ya haɗu da Hajiya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ko ta ga wata testa a cikin akwatin.

"Tana nan," in ji ta, ba ta kalle shi ba. "Kullum in zan rufe ina ganin ka zamne kusa da Alhaji. Tana bayan kunnenka."