Ajiyar Inna Ƙande

"Dube ni, Balkisu! Da gaske muryar Inna za ki sa a rediyo?"

Ta ɗago ta dube shi. Tun da suka fara, Rilwanu bai taɓa kiran sunanta gatsau ba, kullum sai "hasken idona".

"Wa ya gaya maka?"

"Nabila ta gaya wa Inna. Tun jiya Inna ko fura ba ta sha ba. Ta ce a dakatar da kai gaisuwa gidanku..."

To, ga yadda abin ya samo asali. Balkisu ƴar garin Magariya ce, ƴar jarida da ba ta ƙarƙashin kowane gidan rediyo. Ƙungiyoyi ke ɗaukar ta aiki, ta shiga ƙauye ta ɗauko muryoyin mutane, ta haɗa labari. Yarinya ce mai kamun kai, ba irin waɗanda ke cusa wa tsoho salula a baki ba ko gaisuwa. Wani furoje, wato shirin raya itatuwa, ne ya aike ta ƙauyen Kwaya, inda Rilwanu ya daɗe yana barin tsiron gawo a gonar marigayi mahaifinsa. An yi masa dariya, an ce raggo ne bai iya sassabe ba, har gonar ta yi inuwa, hatsi ya cika rumbu. Ta je neman labari, ta baro zuciyarta can.

Ranar da ta zauna da mahaifiyarsa, Inna Ƙande ta yi ta kauce-kauce. Rilwanu ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta kamawa, balle yabo a gaban mutane. Sai da aka gama hira, salula na kan tabarma tana ta ɗaukar murya ba a kashe ba, tsohuwa ta share ido, ta amayar da abin da ta daɗe tana haɗiyewa a kan ɗanta. Nabila, ƴar ƙanin Inna, wadda ta jima tana ganin ɗakin Rilwanu nata ne, tana bakin turmi, kunne a buɗe.

"Wallahi ban sa waccan maganar tata ba," in ji Balkisu. "Shugaban furojen ya ce labarin ba gishiri in uwa ba ta yi yabo ba. Na ce masa babu. Ya ce to aikin gaba wata za su ba."

"Kika bar aiki ya wuce?"

"Wani zai zo, masoyina. Inna fa guda ce."

Idonsa ya kaɗa.

"Ba za ta yarda ba sai ta ji da kunnenta."

Ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da za a sa shirin, gidan Inna ya cika da mata. Nabila ce ta bi gida-gida ta gayyato su. Balkisu ta raɓe a bakin ƙofa, ba wanda ya ba ta tabarma.

Rediyo ya fara. Sai ga muryar Dogo, maƙwabcin gona: "Ni na fara yi masa dariya. Yau ƴaƴan gawonsa nake roƙa wa awakina!" Sai wata, sai wani, kowa na faɗin abin da ya gani da idonsa. Ashe Balkisu ta hau kabu-kabu ta zaga gari, ta tattaro yabon daga bakin waɗanda ba su da kunyar faɗa.

Can a ƙarshe, ga muryar Inna:

"Yaron nan? Shirme dai yake yi."

Gida ya kaure da dariya!

"Ƙande ho! Har a rediyo ba za ki sassauta masa ba?"

Nabila ta miƙe tsaye. "Ai yankewa ta yi! Na ji da kunnena, Gwaggo ta ce..."

"Kul!" Inna ta katse ta. "Hatsi na ba ki ki daka, ba maganata ba."

Ta tashi ta shige ɗaki. Jim kaɗan ta ɗaga murya: "Ke, ƴar Magariya. Zo nan."

Balkisu ta shiga ta durƙusa.

"Maganar nan tawa, tana ina?"

"Tana nan, Inna. Ba wanda ya ji. In kin ce in goge, yanzu zan goge a gabanki."

Tsohuwa ta girgiza kai.

"Kar ki goge. Ran da aka kai ni makwancina, ki sa masa ya ji. Kafin nan ko ya yi kuka kar ki ba shi."

"Inna..."

"Kuma ajiyata ba ta kwana a Magariya. Gobe kawunnansa za su je gidanku."

Hawaye ya ɓalle wa Balkisu.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Wata ƙungiya da ta ji shirin ta neme ta da aiki tun lallen hannunta bai goge ba.

Har yau Rilwanu na lallaɓa ta.

"Hasken idona, ko kalma ɗaya... Me Inna ta ce?"

Sai ta tura salula ƙarƙashin zane, ta yi murmushi.

"Ta ce shirme kake yi."