Fasinjan Mafitar Kwarin Gawo

Ku matso kusa. Ni Yaya Hajjo ba zan ɗaga murya a kan wannan ba.

Ciroma Hamidu na Kwarin Gawo, wata Laraba aka tsinci gawar magatakardansa, Malam Zubairu, a zauren Ciroman. Kafin 'yan sanda su iso, Ciroma ya ɓace. Motarsa kawai aka gani a bakin kogi, ƙofa a buɗe. Wasu suka ce ya tsallaka iyaka, wasu suka ce ruwa ya ci shi.

Bayan shekara goma sha tara, Baba Tanko mai fito yana zaune cikin kwalekwalensa da tsakar rana. Mafitar ba kowa. Sai ga wani dogo sanye da babbar riga.

"Ƙetarar da ni."

"Bismillah, ranka ya daɗe."

Mutumin ya shiga. Jirgin ko motsi bai yi ba.

Baba Tanko ya fara tuƙi. Ya tuƙa har gumi ya jiƙa shi. Ya ɗaga kai: gaɓar gaba na nan inda take. Ya waiga: ta baya ma ba ta matsa ba. Sai ya dubi ƙafafun baƙon. Farare fat, sun yamushe, gansakuka ta tsiro tsakanin yatsun.

Ya dubi fuskar, ya gane ta.

"Ciroma?"

"Tuƙa dai. Kullum a nan yake tsayar da ni."

"Wa?"

Ciroma ya dubi ƙasa. Ƙarƙashin jirgin aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga ƙofa.

Baba Tanko ya so ajiye filafili, hannunsa ya ƙi saki. Ya ce, "Don Allah, ranka ya daɗe, kai ka kashe Malam Zubairu?"

Ciroma ya buɗe baki zai yi magana. Ruwa ne ya zubo, baƙi, har da ƙananan kifaye. Ya sake gwadawa, idonsa na roƙo. Ruwa dai.

Da ƙyar Baba Tanko ya jawo Ayatul Kursiyyu. Yatsunsa na sakewa ya faɗa kogi, ya yi iyo bai waiga ba. Masunta suka tsamo shi da la'asar.

Ya rayu, amma har ya mutu, ko yana barci, hannuwansa tuƙi suke yi. Ni na gani da idona.

Saboda haka in rana ta take, kada ɗayanku ya sauka mafitar nan shi kaɗai. In kuwa wani ya ce ku ƙetarar da shi, ku fara duban ƙafarsa.