Gawar Shugaban Manoma a Fadamar Rafin Guza

Da hantsi mata masu tsinkar alayyahu suka ga gawar Malam Inuwa a gonar Labaran, a kife cikin masara. An sare shi a ƙeya har ƙashi ya buɗe.

Kafin Sufeto Rahmatu ta iso, jama'a sun kama Labaran. Sun fasa masa baki, wani har ya rataya masa taya a wuya. Sai da kofur ɗinta ya yi harbi sama suka ja baya.

Malam Inuwa shi ne shugaban manoman fadamar Rafin Guza. Duk damina ruwa kan kwanta a gonakinsu ya ruɓar da shuka, shi ya sa ya haɗa kan mutane suna haƙa babban lambatu da zai janye ruwan zuwa kogi. Abin da ya rage kawai a fasa bakin wani tsohon kududdufi a ƙarshen fadamar.

Rahmatu ta durƙusa ta juya gawar. Jinin da ke ƙasa bai taka kara ya karya ba. Tufafin a jiƙe suke da baƙin taɓo, ga matsattsaku sun kafe a ƙwaurinsa. Ta dubi gonar. Lambatun ya riga ya tsane ta, ƙasar har ta fara tsagewa.

Ta fara da Labaran.

"An ce kun yi faɗa."

"Mun yi, ranki ya daɗe," ya ce yana tofar da jini. "Lambatun ya ci mini gefen gona. Amma tun asuba ina kasuwar Kawo, dawowata ke nan, a tambayi direban da ya kai mini kaya."

Aka kira direban, ya tabbatar.

Na biyu shi ne Nazifi, masuncin da ke kamun tarwaɗa a kududdufin. In aka fasa, abincinsa ya tafi. Ya zo yana dogara sanda, ƙafarsa a kumbure, an naɗe ta da bandeji. Kwalba ce ta yanke shi. Wanda ba ya iya ɗaukar kansa ba zai saɓa ƙato kamar Inuwa ba. Ta sallame shi.

Sai Sharhabil, mataimakin marigayin, wanda gonarsa ke bakin kududdufin. Ya zo cikin farin yadi, yana share hawaye.

"Sufeto, aikin nan ya ci rai. Ni a ganina a cike lambatun kowa ya huta."

"Yaushe rabonka da kududdufi?"

"Tun makon jiya."

"Yau da safe kana ina?"

"Ina gida, zazzaɓi nake."

Ba fuskarsa take kallo ba. A ƙafar wandonsa akwai ɗige-ɗigen jini, kuma suna ƙara faɗi.

"Ɗaga wandonka."

Ya yi tsaye ƙiƙam. Kofur ya ɗaga masa. Ƙwaurin duk ƙananan cizo ne, jini na tsiyaya.

"Malamai," ta ce wa manoman, "ku ɗauko shebur. Yanzu za a fasa kududdufin nan."

Ba ta rufe baki ba Sharhabil ya fizgi adda daga hannun wani. Ya kai mata sara, ta goce, addar ta sauka a damtsen kofur, jini ya yi tsartuwa. Ya sake ɗagawa, Labaran ya maka masa ƙotar shebur a gwiwar hannu. Aka ji ƙas, addar ta faɗi. Suka danne shi cikin taɓo ta sa masa ankwa.

Wajen la'asar ruwan ya janye. A gindin kududdufin, kusa da shebur ɗin Malam Inuwa, ga ƙasusuwan mutum ɗaure da waya jikin bulo. Aka wanke ƙoƙon kan, haƙorin Makka ya bayyana.

"Inna lillahi," wani dattijo ya ce. "Yusuf ne."

Yusuf ƙanen Sharhabil ne. Shekarun baya sun yi rigima kan gonar gado, daga nan Sharhabil ya ce ya tafi Libiya neman aiki.

"Matsattsaku ba sa zama a busasshiyar gona," Rahmatu ta ce wa Sharhabil. "Tun da na gan su na san a ruwa aka kashe Inuwa. Ka kawo shi gonar Labaran don kowa ya san sun yi faɗa. Ka yi wanka, ka sauya kaya, amma cizonsu kan daɗe yana zubar da jini. Kuma kai kaɗai ka nemi a cike lambatu."

Sharhabil ya sunkuyar da kai. "Shebur ɗinsa ne ya taɓo ƙoƙon kan. Ya kira ni ya nuna mini haƙorin. Na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya juya zai tafi wajen mai unguwa."

Aka tura shi mota, aka wuce da kofur asibiti. Rahmatu ta sa dattijon ya raka ta gidan mahaifiyar su Yusuf, Hansai. Suka same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Tsohuwar ta ga kakin 'yan sanda, ta ajiye rariyar, ta miƙe.

"'Yar nan, lafiya? Ko an ji labarin Yusuf ne?"

Rahmatu ta cire takalmanta, ta zauna a bakin tabarma.

"An ji, Inna. Zauna tukuna."