Dangwalin Baffa

Sandar ta sauka a goshin Khaulat tun kafin ta gama ajiye ƙwaryar fura a bakin ƙofa. Ƙwaryar ta kife, ita kuma ta zube zaune, jini yana bin girarta yana shiga ido.

"Daangol," in ji tsohon da ke tsaye a kanta, yana haki. "Daangol!"

Baffa Idirisu ke nan, surukinta, mahaifin mijinta Muntaka. A zamaninsa babu makiyayin da ya kai shi a rugagen yammacin Jahun. Da gigin tsufa ya kama shi, har ya fara ɓata a daji, sai 'ya'yansa biyu suka raba shanun ga dangi, suka kawo shi gidansu na Limawa a Dutse, shekarar da aka fara shari'ar Musulunci a jihar. Da safe lafiya lau yake. Amma rana na karkatawa sai ya miƙe ya nufi ƙofar gida, wanda duk ya tare shi ya sha sanda.

Yahuza, babban ɗansa, direban motar haya ne tsakanin Dutse da Jahun, ƙato mai saurin hannu. Ya fito daga sashensa a guje, ya rungumo tsohon ta baya ya maka shi a katifa. Baffa ya gantsara masa cizo a damtse. Yahuza ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya jawo igiyar ɗaure kaya ta motarsa.

"Igiya kake kira, ko? To ga igiya."

Ya ɗaure shi hannu da ƙafa a jikin gado.

A haka Muntaka ya dawo daga sakatariya ya same su. Ya jingine babur ya durƙusa gaban matarsa, yana danne mata ciwon da hularsa.

"Sori, 'yar birni. Sori. Me ya kai ki kusa?"

"Ban shiga ba, Ɗan Baffa. A bakin ƙofa na tsaya, yadda kuka koya mini."

Haka al'adar gidansu take. Matar ɗa ba ta shiga ɗakin surukinta, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana. Ta ajiye abinci ta juya. Khaulat 'yar cikin gari ce, ba ta jin Fillanci ko kalma ɗaya, kuma Yahuza bai so auren ba tun farko. Saboda Muntaka ta riƙe wannan kunyar fiye da 'ya'yan gidan.

Da ma likita ya taɓa duba tsohon. Ya ba da wata 'yar ƙwaya irin wadda ake ba masu taɓin hankali, ya ce rabi kawai da yamma, kuma a dawo da shi ya sake gani. Ba wanda ya mayar da shi. Washegarin abin, bayan an ɗinke goshin Khaulat, Yahuza ya shigo da ƙullin ƙwayar daga wani kemis, ya jefa wa Khaulat a cinya.

"Ke kike dama masa fura. Biyu da safe, biyu da yamma. Ki niƙe."

"Yaya, likita fa rabi ya ce."

"Likita ne ke da tabon cizo, ko ni? Dubi goshinki a madubi, sannan ki kira mini likita."

Ta dubi mijinta. Muntaka ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi yadda Yaya ya ce." Ga irin mazan da karatu ya ba su takalmi ya hana su baki.

Ta niƙa. Gida ya yi tsit. Maƙwabta suka yi ta barka, Yahuza yana taƙama a tasha wai ya warkar da ubansa. Amma maza fita suke da safe su dawo da magariba, su leƙa su ga mutum kwance su ce alhamdu lillahi. Wadda ke wuni a gidan kuwa an hana ta leƙawa. Abin da take gani kawai ƙwarya ce. Da tana dawowa a siɗe, yanzu rabi, daga baya sai ta tarar da ita yadda ta ajiye, ƙuda na bi.

Wata rana da hantsi tana wanki ta ji wani gurnani daga ɗakin, kamar ana yanka rago. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama, ba amsa. Ta kira Yahuza, ta kira maƙwabta, kowa ya fita. Gurnanin ya fara ƙasa-ƙasa.

Ta ɗaga labulen ta shiga.

Baffa yana rigingine, wuyansa ya sandare ya karkace, fura na fitowa ta hancinsa, idanunsa sun kakkafe. Ta juya shi gefe da dukan ƙarfinta, ta zura yatsa ta kwashe abin da ke bakinsa, ta yi ta dukan bayansa har ya amayar. Sai a lokacin warin ɗakin ya buge ta. Mutumin da ya bi shanu har bakin Chadi da ƙafarsa, ga shi kwance cikin fitsarinsa, yawu ya jiƙa gemunsa, igiya ta ci wuyan hannunsa har ya yi ruwa. Ta kwance shi. Ta ɗora ruwa, ta wanke shi tas, tana kuka tana kau da kai.

Ya buɗe ido da ƙyar ya dube ta. "Adda," ya ce. Haka suke kiran babbar yaya mace.

Daga ranar ta koma rabin da likita ya ce. Ta faɗa wa Muntaka a kai shi asibiti, ya ce sai ya yi magana da Yaya. Bai yi ba.

Tsoho ya fara cin abinci, ya fara zama. Da ƙarfi ya dawo, rikici ma ya dawo. Wata la'asar Yahuza ya dawo da wuri, yana wanke mota a ƙofar gida, sai ga Baffa ya fito da taɓarya yana kiran kalmar nan tasa. Yahuza ya tare ƙofa. Dukan farko ya tarwatsa gilashin gaban motar, na biyu ya fasa wa Yahuza leɓe. Sai da maza uku suka taru kafin aka mayar da shi ɗaki aka ɗaure.

Yahuza ya shiga madafa ya zazzage gwangwanin maganin a ƙasa. Ƙwayoyin da ya kamata a ce sun ƙare tuni suka watsu.

"Wa ya hana shi waɗannan? Ke nake tambaya."

"Yaya, kashe shi suke yi. Na same shi ya shaƙe, da ban shiga ba..."

"Kin shiga?"

"Na shiga. Na wanke shi."

Marin ya jefa ta jikin randa, ɗinkin goshinta ya buɗe. Muntaka da ke shigowa ya yar da babur ya yi kan yayansa, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro. Suka kama kokawa a tsakar gida, suka fasa randar, suka bi ta kan murhu. Yahuza ya shaƙe shi a jikin bango.

"A kan wannan kake dukana? Matar da ta ga tsiraicin ubanka? Da wane ido za ka shiga dangi? Ko ka sake ta yau, ko ka nemi wani yayan."

Khaulat ta miƙe tana dafe da goshi. "Baffa muharramina ne, Yaya. Je ka tambayi duk malamin da ka ga dama. Kunya ce ta hana ni shiga, ba Allah ba."

"Ka ji bakin 'yan birni."

Muntaka ya goge jinin hancinsa. Bai iya kallonta ba. "Khaulatu, ki je gida tukuna."

"Ɗan Baffa, ni kake cewa?"

"Ki je, sai ƙura ta lafa."

Duk macen da ta yi hankali ta san inda wannan maganar ke ƙarewa. Ba ta yi musu ba. Ta shiga ta haɗa kayanta a jaka, ta sa hijabi, hawaye na haɗuwa da jini a haɓarta. Za ta wuce ɗakin tsohon, sai ta ga labulen a yaye, garin kokawar ɗazu. Tun da ta riga ta karya al'ada, ta tsaya ta kalla.

Baffa ya zare hannu ɗaya daga ɗaurin. Bai nemi kwance ƙafafunsa ba. Ragowar igiyar ya jawo kan cinyarsa, yana riƙe da baki yana ƙulla ta. Ya yi zarge, ya auna taƙi, ya sake yin wani, ya sake aunawa. Hannun da ke rawa in ya ɗauki ludayi, a nan ko gezau.

"Ku zo ku ga hannunsa," ta ce. "Kafin in tafi, ku zo ku gani. Wannan ba hauka ba ne, aiki yake yi."

Muntaka ya zo ya tsaya a bayanta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dafa bango.

"Dangwali ne."

"Mene ne dangwali?"

"Igiyar 'yan maruƙa. Ita ce daangol ɗin da yake kira. In rana ta karkata, dole a ɗaure su a jere kafin shanu su dawo, in ba haka ba su tsotse nonon kaf, a kwana ba na sha ba na sayarwa. Baffa bai taɓa bari ta wuce shi ba. Ya taɓa zane ni a kan haka, kafin a kai ni makarantar kwana."

"Kun san kalmar, ke nan?"

"Mun sani."

"Kullum yana faɗa muku abin da yake nema, kuka ba shi ƙwaya?"

Sun sani sarai, amma tun da aka sa wa mutum sunan mahaukaci, kunnuwa suka toshe.

Khaulat ta ajiye jakar. Akwai akuyar da kakarta ta ba ta da aure, da 'ya'yanta uku a bayan madafa. Ta sunkuto biyu, ta ce wa mijinta ya kamo ɗayan. "Kafa turaku biyu a can. Yaya, don Allah kwance masa ƙafa."

Yahuza ya tsaya da fasasshen leɓensa kamar ba zai motsa ba. Can ya shiga ya kwance.

Baffa ya fito yana tangaɗi, igiyar a hannu. Ya ga Yahuza, ya ɗaga hannu zai kai duka, sai ɗan akuya ya yi kuka. Hannun ya tsaya a sama. Ya durƙusa da kansa ya ja igiyar tsakanin turakun ya ɗaure tamau. Ya kamo na farko ya zura masa zarge, yana yi masa faɗa da Fillanci, ya kamo na biyu, ya kamo na uku. Ya bi su yana shafa bayansu. Daga nan ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu, ya dubi yamma, ya sauke numfashi.

Ya nuna 'yar jar cikinsu, ya dubi Khaulat ya yi magana.

"Me ya ce?"

Yahuza ne ya fassara, yana kallon ƙasa. "Wai wannan ta Adda ce, kada wanda ya taɓa mata."

"To ai da ma tawa ce," in ji Khaulat, tana dariya tana kuka.

Muntaka ya ɗauki jakar ya mayar ɗaki, ya dawo ya tsuguna a gabanta, a gaban yayansa. "Na ci amanarki, 'yar birni. Ki yafe mini."

"Sai ka kai Baffa asibiti gobe. Ni ma a sake mini ɗinkin nan, kuma kai za ka riƙe mini hannu."

Likita ya yi musu wankin babban bargo. Ya ce wannan magani ba abin wasa ba ne a jikin tsoho, yana sandarar da jiki, yana sa shaƙewa da faɗuwa, har shanyewar ɓarin jiki yana jawowa. Ana ba da shi kaɗan ne, na ɗan lokaci, in an rasa yadda za a yi, kuma da idon likita a kai. Ya ci gaba da rage shi a hankali har aka daina.

Kada wani ya ce muku Baffa ya warke. Gigin tsufa ba ya warkewa. Akwai ranakun da ya yi ta zagi, akwai ranar da ya jefi Muntaka da buta. Amma ba a sake ɗaure shi ba. Yahuza bai iya ba da haƙuri da baki ba, irinsu ba sa iyawa. Wata ranar kasuwar Jahun dai ya sauke ɗan maraƙi daga bayan motarsa, ya ce wa ƙaninsa, "Ka ce wa Adda ta ƙara a dangwali." Da wannan sunan gidan ya kira ta har 'ya'yanta suka tashi.

To ku masu tasowa, ku ji. Tsohon da ya rikice ba dabba ba ne da za a ɗura wa abu don gida ya yi shiru. Kafin ku kai hannu ga ƙwaya, ku tambayi me yake nema, me ya saba yi a wannan lokacin, ina ke masa ciwo. Magani na likita ne, ba na direba ba. Kunya ado ce, amma ba a barin rai ya fita saboda ita. Ku kuma maza, matar da ta wanke ubanku ba a ce mata ta je gida.

Baffa ya yi damina biyu a haka. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, da yamma ne, a tsakar gida, kansa a kafaɗar Muntaka, Khaulat na ba shi ruwa da ludayi. Ya riga ya gama ɗaure 'yan maruƙansa.