Ranar da Kyauta Ta Ce "Yallaɓai"

Matar Kansila na goge masa riga a falo sai ga yayarsa ta faɗo gidan, ko sallamar kirki babu.

"Gobe za a ɗauki hoton fosta," in ji Yaya. "Jam'iyya ta ce iyali na asali take son gani: miji, mata, da 'ya'yan cikinsu. Dokar da ƙanena zai kai majalisa ke nan. To wannan yarinyar fa, a matsayin wa za ta tsaya?"

Kyauta take nufi, 'yar marigayi wan matar, wadda suka ɗauko tun tana zanin goyo. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma Kansila da bakinsa ya laƙaba mata wannan suna.

"Haba Yaya, 'yarmu ce fa!" in ji matar.

"'Yar riƙo dai! A mayar da ita dangin uwarta, kafin 'yan adawa su samu abin faɗi."

Matar ta dubi mijinta. Mutumin da ya sha rantse mata cewa ko ba ta haihu ba ita ce duniyarsa, sai ga shi ya kafa wa waya ido kamar a ciki aka binne cibiyarsa.

"A yi haƙuri zuwa bayan zaɓe," ya ce can ƙasan maƙoshi.

Matar ta miƙe. Ta shiga ɗaki tana ninke 'yan kayan yarinyar a cikin jaka, hawaye na ɗiga a kansu. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ta bar wa Allah. Ashe Kyauta na bayan labule, ta ji komai.

Da safe yarinyar ta kawo masa shayi, ta durƙusa.

"Ina kwana, Yallaɓai."

"Me kika ce?"

"Sori... Gwaggo ta ce a dokarka kai ba Abbana ba ne. Ni kuma ban san me zan riƙa kiranka ba."

Kofin ya karkace a hannunsa, shayin ya ɓata rigar da aka goge. Kullum ana ce masa Yallaɓai a titi kansa na kumbura, yau kalmar ta sa shi kuka.

"Ki yafe mini," ya ce wa matarsa. "Kwance jakar nan."

A gidan hoto Kyauta ya tsayar a tsakiya, dokar kuma ya ƙi kai ta majalisa. Jam'iyya ta ba wani takarar, Yaya ta ɗauke ƙafa, masu zuwa gaisuwa suka watse. Fostar ba ta taɓa hawa bangon titi ba, a falo matar ta rataye ta.

Haƙurinta bai faɗi ƙasa banza ba. Doka na iya ƙirga jini, amma iyali shi ne wanda ka yi rainonsa, ya buɗi ido ya gan ka.

Yanzu babu mai ce masa Yallaɓai. In ya dawo gida, tun daga bakin ƙofa yake jin ihu:

"Abba ya dawo!"