Kujerar da Ta Zaunar da Baba

Da ƙarfe goma na safe kujerarsa mai suna Gata ta ɗago Malam Tanimu daga gado ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Hannayenta masu laushi suka tallafe ƙugunsa, shuɗin haske ya bi ƙashin bayansa daga wuya zuwa ƙasa, sannan ta faɗi abin da take faɗi kullum: "Ciwon ƙugu. Dalili: tsufa. A ƙara hutu."

'Yarsa, Injiniya Barira, ita ta ƙera ta. Shekara bakwai da suka wuce ya dawo daga lambunsa na saman bene yana dafe da ƙugu, ranar ta yi kuka kamar ranta zai fita. Ina amfanin karatunta idan uba mai furfura zai ci gaba da duƙawa a kan albasa? Me mutane za su ce? Ta kulle lambun, ta ƙera masa kujerar da ke kai shi ko'ina, take yi masa alwala, take ba shi abinci. Yau a Sabuwar Funtuwa duk ɗan da bai saya wa iyayensa Gata ba, ana yi masa kallon marar tausayi.

A wannan ranar, gab da azahar, yayarsa, Gwaggo Kande, ta iso daga ƙauye. Ta ƙi shiga na'urar hawa bene, ta tako hawa shida da ƙullin daddawa a ka.

"Kai Tanimu! Ni na goya ka fa, yanzu kuma ƙarfe ke goyonka?"

"Tsufa ne, Yaya."

"Tsufan wa? Da shekara tara na girme ka."

Barira ta durƙusa ta gaishe ta, ta turo wata kujerar. "Gwaggo, ki zauna ki huta, don Allah."

"To, bari in ɗana abin 'yan birni."

Hasken ya bi bayan tsohuwar, ya tsaya, ya sake bi. "Ƙashi ya zaizaye daidai da shekara tamanin da ɗaya," in ji kujerar. "Tsokoki da ƙarfi. Babu ciwo. Ban gane ba."

Barira ta gane. Ta jera hotunan bayan su biyun, waɗanda kujerun suka ɗauka, a bango. Zaizayar ƙashin Gwaggo ta ma fi ta Baba. Shekaru suna cin faifan da ke tsakanin ƙasusuwa, wannan gaskiya ne, amma tsokokin ƙugu su ke riƙe da ginin, kuma da motsi suke rayuwa. Na Baba sun sirance kamar zare. Ƙwaƙwalwar Gata kuwa daga tsofaffin da ke zaune a kanta ta koyi komai: duk wanda ta auna tsoho ne, duk wanda ta auna yana ciwo, sai ta ɗaure biyun wuri guda. Da ciwon ya ƙaru sai ta ƙara hutu, hutun ya ƙara ciwon.

"Baba, ka tashi," ta ce. "Ka kama hannuna."

Ta kashe kujerar. Gwaggo ta riƙe dama, ita ta riƙe hagu. Ya yunƙura, gumi ya keto masa, gwiwoyinsa suka yi ta kaɗawa. Bai kai ga miƙewa ba ya koma ya zauna.

Barira ta zube a gabansa. "Ni na yi maka wannan. Wallahi ban sani ba, Baba."

Ya dafa kanta. "Ni na sani, uwata. Ciwon farko na kwana uku ne, na sha yin irinsa tun ina saurayi."

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ranar da kika kawo ta, na ga fuskarki. Tun rasuwar mahaifiyarki ban ga kin yi dariya haka ba."

Gwaggo ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Barira ta kasa kallonsa, ta taka zuwa taga. Ranar Juma'a ce. A ƙasa, dubban kujerun Gata na tafiya a jere zuwa masallaci, shiru, kowace ɗauke da uban wani, 'ya'yansu na biye da su cike da alfahari. Ta fara ƙirga su, ta kai arba'in, hawaye ya hana ta gani.