Auta da Shuɗiyar Fata

Ranar Laraba Malama ta kai 'yan aji biyar masana'antar fata. Auta ta fi kowa zumuɗi, don a nan Babanta yake aiki. Kullum tana jin warin wurin a rigarsa, amma ba ta taɓa shiga ba.

A bakin ƙofa Baba ya raba musu safar hannu ta roba.

"Kada wanda ya cire," in ji shi. "Kada kuma wanda ya ɗauki komai."

Da shigarsu Auta ta tsaya cak, baki buɗe. Wasu manyan ganguna ne suke juyawa, kowace ta fi ɗakin Mama girma. Ƙasa har rawa take yi. Wani ma'aikaci ya tsayar da ɗaya, ya buɗe murfinta. Sai fatu suka zubo jiƙe sharaf, shuɗi-shuɗi kamar sararin sama.

"Baba! Dama akwai shuɗiyar saniya?" in ji Auta.

Kowa ya fashe da dariya, har da Malama.

"Babu, Auta. Wani sinadari ne ya mai da su haka, sunansa kuromiyam. Shi ke hana fata ruɓewa, ta yi shekaru ba ta lalace ba."

Auta ta dubi Baba kamar yau ta fara ganinsa. Ashe irin aikin da yake yi ke nan!

Za su fita sai ta hango wani siririn yankin shuɗiyar fata a ƙasa. Ya yi mata kyau ƙwarai. Ta waiga, ba mai kallonta. Wuf, ta jefa shi aljihu.

A gida ta ɗaura shi a wuyan hannu kamar awarwaro, ta ja hannun riga ta rufe. Da shi take wasa, da shi take gumi. Bayan mako biyu wurin ya fara ƙaiƙayi. Ya yi ja, ƙananan ƙuraje suka fito masu ruwa. Ta cire fatar ta ɓoye, ta yi shiru. A aji kuwa ko rubutu ta kasa, sai susa.

Ran Asabar suna wanke-wanke, Mama ta kama hannunta.

"Me ya same ki a nan?"

"Sauro ne, Mama."

"Sauro ne ya zagaye hannu haka daidai wa daida? Lallai wannan sauro ya yi makaranta."

Auta ta fashe da kuka. Ta ɗauko shuɗiyar fatar ta miƙa. Mama ta kira Baba, ya zo ya duba ta.

"Wannan ba a gama aikinta ba," ya ce a hankali. "Ni da nake babba ma ba na taɓa ta da hannu tsirara. Sa takalminki, mu tafi asibiti."

Likita ta duba hannun, ta ba da man shafawa. Da ya lafa, ta manna wa Auta wasu 'yan filasta a baya, kowace da ɗigon sinadari daban. Bayan kwana biyu aka cire. Duk wuraren lafiya lau, sai guda ɗaya da ya yi ja.

"Kin gani? Jikinki ya nuna mana da kansa," in ji likita. "Ba ya shiri da kuromiyam."

Auta ta zaro ido. "Fatata ta gane shi? A ɗigo ɗaya?"

"Ta gane shi sarai, kuma ba ta mantuwa. Daga yau ki kula da takalmi da maɗaurin agogo na fata. Ki nisanci jiƙaƙƙen siminti, shi ma yana da shi. Akwai fatar da ake jemewa da ɓawon itace, ita za a nema miki."

"Ikon Allah!" in ji Mama.

A hanya Auta ta riƙe hannun Baba. "Ka yi haƙuri, Baba. Na ɗauki abin da ka hana."

"Ya wuce, 'yata. Ɓoyewar ce ta fi damuna."

Ba a daɗe ba hannun ya warke sumul. Malama ta sa Auta ta tsaya gaban aji ta ba da labarin. Yara suka yi tsit suna saurare.

"Abu biyu na koya," in ji Auta. "In manya sun ce kada a taɓa abu a wurin aiki, akwai dalili. In kuma jikinka ya yi ciwo, ka faɗa wa iyayenka tun da wuri."

Aka yi mata tafi raf-raf-raf.